HAYAR SABON GINI A ABUJA: DAGA RUMBUN TAMBUWAL DA KEBBE AKE BIYA

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal, ta bi ta Jega, Yawuri, Kontagora da Minna har ta faɗa Suleja, ya san cewa ba shanu da albasa kawai motocin hanyar ke ɗauka ba. Suna ɗauke da samari, waɗansu da takardar kammala Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin jaka, waɗansu da takardar kama aiki a wata ma'aikata, waɗansu kuma da ƙarfin damtsensu kawai, kowa ya nufi Abuja. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal, wadda ta ba ƙasar nan Shugaban Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, ba baƙuwar Abuja ba ce. Da wuya a shiga Dogon Daji, Sanyinna, Jabo ko Kuchi a rasa gidan da ke da ɗa ko ƙane a can.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ke biyo bayan isar yaron. Ya sami aiki, an yi murna, an yi sadaka. Bayan 'yan watanni sai waya ta fara zuwa gida, ba don a aiko wa tsofaffi da na goro ba, sai don a tambaya ko akwai abin da za a ɗaga a sayar, wai an sami sabon gini, mai gida kuma ya ce ba ya jira. Gaskiyar maganar da ya kamata a faɗa a fili ita ce, da yawa daga cikin sababbin gidajen da ake haya a Abuja, a rumbun ƙauye ake ɗebo kuɗinsu.

LISSAFIN DA BA A YI KAFIN A SHIGA

Bari mai karatu ya ɗauki alƙalami. A ƙaddara, don misali kawai, an yi wa saurayi kuɗin fulat mai ɗaki biyu da falo Naira miliyan 2 a shekara. Wannan shi ne kuɗin da dillali ke faɗa a bakin ƙofa, amma ba shi ne kuɗin da ake biya ba. Akwai la'adar dillali, wadda aka saba yanka kashi 10 cikin 100, wato Naira 200,000. Akwai kuɗin lauya, wanda sau da yawa shi ma kashi 10 ne, alhali lauyan mai gida ne, takardar da ya rubuta kuma mai gida take karewa. An kai Naira miliyan 2 da dubu 400 ke nan. Sannan ga kuɗin ajiya da suke kira koshan, wai ko da ɗan haya zai fasa wani abu. Sannan ga kuɗin hidimar rukunin gidaje, na masu gadi, kwashe shara, man janareta da tura ruwan burtsatse. Tun kafin wannan duka, an riga an karɓi kuɗin zuwa ganin gida, ko an kama ko ba a kama ba.

To a ajiye wannan a gefe, a dubi abin da ke shiga aljihu. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne a wata, wato Naira 840,000 a shekara. Mai irin wannan albashi sai ya tara na wata 34 da ɗoriya, bai ci ba, bai sha ba, bai shiga mota ba, kafin ya haɗa miliyan 2 da dubu 400. Ɗan bautar ƙasa, wanda aka ƙara wa alawus zuwa Naira 77,000 a 2025, shekararsa gaba ɗaya ba ta kai miliyan 1 ba. Ko wanda ke ɗaukar Naira 150,000 a wata, albashinsa na shekara bai kai kuɗin hayar kaɗai ba. Idan kuwa mai gida ya ce tunda sabon gini ne sai an biya na shekara biyu a dunƙule, kamar yadda da yawansu ke yi, to lissafin ya ninka, ya doshi miliyan 5.

A nan zaluncin yake. Mutum ne ake biyansa wata-wata, bayan ya gama aikin watan, amma ake tilasta masa ya biya haya shekara-shekara, kafin ya kwana ko dare ɗaya. Ina zai samo? Hanya uku ce a gabansa: ya ci bashi da ruwa, ya sa hannu a abin da ba nasa ba a wurin aiki, ko ya juya gida. Ɗan kirki, mai tsoron Allah, gida yake juyawa.

ABIN DA AKE SAYARWA A GIDA

A ƙasar Kebbe da Tambuwal dukiyar talaka ba a banki take ba. Tana cikin rumbu, damman gero da dawa, buhunan shinkafar fadama, gyaɗa da wake. Tana ɗaure a turke, shanun huɗa, tumaki da awakin mata. Sauranta kuma ƙasa ce, gonar gado. Idan waya ta zo daga Abuja, cikin waɗannan ake zaɓa.

Maganar ba ta da tsawo. "Baba, sun ce in ban kawo ba nan da Juma'a wani za su ba." Tsoho ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗana, bari in ga kawunka, Allah Shi rufa asiri." Ranar kasuwa sai a ga an kora bijimi. In bai isa ba, Inna ta saki tunkiyar da take kiwo don Layya. In har yanzu bai isa ba, a jinginar da gona.

Mai karatu ya lura da bambancin abin da ya fita da abin da ya shigo. Bijimin huɗa yana noma kowace damina, yana jan amalanke, in ya tsufa a sayar a sayi ƙarami. Gona tana ciyar da gida shekara da shekaru. Haya kuwa wata 12 ce, ranar da ta cika ba a bar wa yaron ko ƙusa ɗaya ba, sai takardar tuni, galibi da ƙarin kuɗi a ciki. Hatsin da aka fitar da kaka yana araha, shi za a koma saye da tsada a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. An sayar da abin da ke haihuwa an sayi abin da ke ƙarewa, shekara mai zuwa kuma wayar za ta sake zuwa.

Akwai kuma ɓangaren aure, wanda nan ne aka fi yin ɓarna. Ya zama yayi a ce amarya ba ta tarewa sai a sabon gini, wanda ba wanda ya taɓa shiga, mai tayil da silin na zamani. Ango ya ƙure kansa ya kama fulat mai ɗaki uku, iyayen amarya kuma ya zama dole su cika ɗaki uku da falo da kicin da kaya, don kada 'yan jere su dawo da labari. Gida biyu ke nan aka girgiza saboda haya ɗaya. Bayan shekara, in kuɗi bai haɗu ba, a kwashe kujeru da gadaje a koma ciki da falo a Mararaba ko Madalla, rabin kayan su lalace a hanya, rabi a sayar a wulaƙance, amarya ta ce an yaudare ta, ango ya ce an matsa masa. Aure nawa ne ya fara tsami daga nan?

SABON GINI BA SHI NE GAMAMMEN GINI BA

Abin takaici, shi kansa sabon ginin da ake wannan wahala dominsa, sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo. Fenti yana rufe abubuwa da yawa. Wanda ya fara shiga gida shi ne zakaran gwajin dafi. Shi zai gano cewa bututun bayi bai haɗu da sokawe ba, cewa mai wayarin ya sa siririyar waya, cewa ba a sa mita ba, cewa burtsatsen da aka nuna masa ba ya kawo ruwa da rani. Gidan da aka kama a watan Janairu ba a san halinsa ba sai Agusta, ranar da kwano ya fara yoyo, bango ya jiƙe, fenti ya kumbura, hanyar shiga unguwa ta zama kogi. In ya kira mai gida, sai a ce ya gyara za a cire masa a hayar baɗi. Da baɗi ta zo, an manta. Ya zama ɗan haya ne ya ƙarasa wa mai gida gininsa, sannan a ƙara masa haya saboda gidan ya gyaru.

Wannan ƙaramar musiba ce in an gwada da manya. A watan Yunin 2023 ambaliya ta shanye gidaje fiye da 100 a rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a Abuja, wurin da ruwa ya sha yi wa ɓarna tun kafin wannan shekara. A ranar 1 ga Nuwamban 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas, unguwar masu hannu da shuni, ya rufta ya kashe mutum fiye da 40. Tsadar wuri ba ta zama shaidar ingancin rodi da siminti ba.

Kada a manta da wuta. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin lantarki na unguwannin da aka sa a rukunin farko zuwa Naira 225 kowane ma'auni, daga ƙasa da Naira 70. Wanda ya shiga irin wannan unguwa, ya haɗa da kuɗin mota bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, zai tarar cewa bayan hayar shekara akwai wata hayar da yake biya kowane mako.

SU WA SUKA GINA, SU WA KE KWANA?

Wani abin da zai sa mai hankali ya yi tagumi shi ne, in aka shiga wuraren da ake waɗannan gine-gine, a Lokogoma, Lugbe, Kubwa ko Dawaki, Hausa ake ji. 'Yan cin rani ne daga Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Katsina ke haƙa tushe, su kwaɓa siminti, su hau da bulo hawa uku a ka. A cikin kangon suke kwana a kan kwali. Ranar da aka shafa fenti aka sa ƙyaure, ranar ce za a ce su tattara. Wanda ya yi sa'a a bar shi a ɗan akurkin bakin ƙofa yana gadi. Yaya ya ɗauki bulon, ƙane ya kama hayar da kuɗin bijimin ubansu, mai gida ya karɓa ta hannu biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan hali ba daga sama ya faɗo ba. An yi dokar kafa Abuja a 1976 zamanin Janar Murtala Muhammad, aka tare a ranar 12 ga Disamban 1991, da alkawarin cewa birni ne na kowa. A farko gwamnati ta gina wa ma'aikatanta gidaje a Garki, Wuse, Nyanya, Karu da Kubwa. Daga 2003 gwamnatin Obasanjo ta mayar da haƙƙin gida kuɗi a cikin albashi, daga 2005 aka shiga sayar da gidajen gwamnati, a daidai shekarun da ake ta rusau a unguwannin talakawa. Duk wanda ya kama aiki bayan wannan, an miƙa shi ga kasuwa. Tun 1992 kuma akwai Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ake cirar kashi 2 da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci dominsa. A tambayi ma'aikata, nawa ne cikinsu suka mallaki gida ta wannan hanya?

Ba kuma ƙarancin gini ne kaɗai matsalar ba. Duk mai yawo a Maitama, Asokoro da Gwarinpa yana ganin gidaje a kulle shekara da shekaru, ba kowa sai mai gadi da ƙadangaru. A watan Disamban 2024 wata babbar kotu a Abuja ta mallaka wa gwamnati rukunin gidaje 753 a Lokogoma, waɗanda hukumar EFCC ta ce wani tsohon babban jami'in gwamnati ne ya gina su da dukiyar haram. Gida 753 a hannun mutum ɗaya! Wanda ya gina gida don ya ɓoye kuɗi ba ya gaggawar samun ɗan haya, don haka ba abin da zai sa ya rage farashi. Shi ke sa wa unguwa kuɗi, sauran su bi.

UZURIN MASU GIDAJE

Adalci ne a ji ta bakin masu gidaje, domin ba dukkansu ne azzalumai ba. Akwai ɗan fansho da ya zuba duk abin da ya tara a gini, akwai marayun da hayar ce abincinsu. Suna cewa buhun siminti ya haura Naira 10,000 a farkon 2024, duk da cewa ga masana'antarsa nan a Kalambaina. Suna cewa hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, saboda haka kuɗin da za a karɓa a watan 12 ba shi da darajar na watan farko. Suna cewa akwai 'yan hayar da in sun shiga ba sa biya, kotu kuma ta ɗauki shekara ba ta fitar da su ba.

Duk wannan gaskiya ne. Amma tsadar siminti hujja ce ta yawan kuɗin haya, ba hujja ce ta karɓar na shekara biyu a dunƙule ba. Hauhawar farashin da mai gida ke gudu, shi ma ɗan haya tana cinsa, har ta fi cinsa, tunda albashinsa ba ya motsi. Jinkirin kotu kuwa laifin mahukunta ne, ba daidai ba ne a ɗora tararsa a kan tsohon da ke Kuchi wanda bai taɓa ganin Abuja ba.

Sauran ƙasashe ma suna da masu gidaje, suna da birane masu tsada. A Jamus wata-wata ake biya, kuma doka ba ta yarda kuɗin ajiya ya wuce hayar wata uku ba. A Ingila dokar 2019 ta hana dillalai cajin ɗan haya, ta kuma tsayar da kuɗin ajiya a hayar mako biyar ga yawancin gidaje. A watan Satumban 2025 Saudiyya ta hana ƙarin kuɗin haya a birnin Riyad har tsawon shekara biyar. A nan gida, dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta haramta karɓar fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, sai dai ta tsame Ikoyi, Victoria Island, Apapa da unguwar Turawa ta Ikeja, kuma masu gidaje da dama sun ci gaba da yin yadda suka ga dama. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙudurin da zai sa a Abuja a riƙa biyan na wata uku da farko, sannan a koma wata-wata. Ya tsallake karatu na biyu, Majalisar ta gama wa'adinta a 2023 bai zama doka ba. Ba abin mamaki ba ne, in aka tuna su wa ke da gidajen.

INA MAFITA?

Shari'a ba ta hana haya ba, ba ta kuma hana mai gida cin ribar gininsa ba. Ko ɗan Islamiyya ya san sharuɗɗan: a san kuɗi, a san wa'adi, a kuma miƙa gida yadda zai amfanu. Gidan da ba ruwa, ba wuta, rufi na zuba, ba a miƙa amfanin da aka karɓi kuɗinsa ba. Kuɗin ajiya amana ne, cinye shi ba tare da ɓarna ba cin haram ne. Dillalin da ya san aibin gida ya ɓoye, ya yi ha'inci, ko da ya yi sallah a sahun farko. Bashin banki ko na manhajar waya da ake ci da ruwa don biyan haya, riba ce, kuma tsarin da ke tura bayin Allah cikinta yana da nasa kason na alhaki. Ya kamata malamai su riƙa faɗin wannan a kan mumbari, domin masu gidajen da dillalan suna cikin sahu.

Wakilan wannan yanki a Majalisar Tarayya su sani cewa dokar biyan haya wata-wata a Abuja ta shafi mazaɓarsu kai tsaye, domin kowace dunƙulalliyar haya da aka biya a can, wani turke ne ya zama wayam a nan. Gwamnatin Sakkwato ma kada ta ɗauka abin na nesa ne. Cutar ta iso Arkilla, Bado da Mabera, inda sababbin fulat-fulat ke tashi da irin sharuɗɗan Abuja, ga kuma jama'ar da rashin tsaro ya koro daga Isa, Sabon Birni da Rabah suna neman wurin sa haƙarƙari.

Ƙungiyoyin 'yan asalin Tambuwal da na Kebbe mazauna Abuja suna iya abin da ya fi taron shan ruwa da liyafar taya murna. Su kama masauki na haɗin gwiwa inda sabon zuwa zai zauna wata shida ko shekara kafin ya tsaya da ƙafarsa. Su kafa adashi da asusun rance marar ruwa don haya. Garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna ribaɗi, inda aka gaji sauke baƙo a zaure ba a tambaye shi ko kwabo ba, bai kamata 'ya'yansa su rasa mai sauke su a baƙon wuri ba.

Shi kuma saurayi, daidai ruwa daidai tsaki. Tsohon gida mai ruwa a Kubwa ko Suleja ya fi sabon da zai ci gonar gado. In ya zama dole sai sabon, to kada ya biya sai ya ga mai gida ido da ido ko wakilinsa na gaskiya, domin an sha karɓar kuɗin mutum biyu a kan ɗaki ɗaya. Ya buɗe kowane famfo, ya kunna kowace fitila, ya tambayi maƙwabta yadda unguwar take da damina. Duk gyaran da ya rage a rubuta, da ranar gamawa, da wanda zai biya. Ya karɓi rasit na kowane kwabo, har da koshan. Ya kuma sani cewa a dokar Abuja mai hayar shekara yana da haƙƙin notis na wata shida, sai fa in ya sa hannu a takardar da ta rage masa, don haka ya karanta kafin ya sa hannu.

Iyaye kuma su koyi cewa a'a. Tausayin ɗa ba shi ne a sayar da abin da ƙannensa za su ci ba. Iyayen amarya su tambayi halin yaro da sana'arsa, su daina tambayar ko an taɓa shiga gidan. Kayan aro ba ya rufe katara, gidan haya kuwa komai ƙyallinsa aro ne, ranar da mai shi ya so zai karɓe.

Allah Ya rufa asirin bayinsa, Ya ba magidanta ikon mallakar muhalli ta hanyar halal, Ya shiryi masu gidaje da dillalai, Ya kuma isar wa raunana a kan duk wanda ya mayar da matsuguni tarkon talaka. Amin.